Yadda ake fito da siffar ɗinkin gicciye da ɗinkin koma-baya

Idan aka gama cike gidajen ɗinkin gicciye, wato ɗinkin nan da kowane gida yake fitowa kamar harafin X, aka ɗaga yadin aka duba, sau da yawa tarin launuka kawai ake gani. Ja ya shige cikin ruwan hoda, kore ya haɗu da kore, ba a gane inda wannan ganye ya ƙare wancan ya soma. Siririn layin da ake bi da shi daga ƙarshe shi ke raba su. Shi ke fito da jijiyar ganye, bakin fure, tagar ɗaki, da sunan da aka rubuta a ƙasan aikin. Ana yin layin da ɗinkin koma-baya, kuma sunan ya dace da shi, domin allura tana fitowa a gaba ne sannan ta koma ta nutse a hujin da ta bari a baya. Koyonsa ba ya ɗaukar minti goma. Yinsa da tsabta, ta yadda layi zai miƙe, kwana ta fito da kaifi, baƙin zare kuma kada ya haska ta bayan farin yadi, shi ne abin da ke son bayani.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: ƙaramin fure ja mai ganye biyu, gida 40 a tsaye 40 a kwance, da suna a ƙasansa. Yadin Aida ne, wato yadin da aka saƙa gida-gida da huji a kowace kusurwar gida, mai lamba 14, ma'ana gida 14 a kowane inci. Kowane gida yana da faɗin milimita 1.8 ko kusa da haka, don haka furen zai kai santimita 7 da ɗan ɗoriya ta kowane gefe.

Zare da allura

Zaren ado irin na kamfanin DMC ko Anchor yana zuwa da sili shida a murɗe tare, kuma ƙunshi ɗaya mita 8 ne. A kan Aida 14 ana yin gicciyen da sili biyu, layin zagaye kuma da sili ɗaya. Dalilin wannan bambanci shi ne layin ya zama kamar zanen alƙalami a gefen fenti. In aka yi shi da sili biyu a aiki ƙarami irin namu, sai ya danne launukan, furen ya koma kamar an zana shi da gawayi. Sili biyu yana da wurinsa: rubutun da ake so a karanta daga nesa, iyakar da ta kewaye aikin duka, ko yadi mai manyan gidaje kamar Aida 11. Idan takardar zanen da ake bi ta faɗi adadin sili, a bi ta.

A yanko zare kimanin santimita 45, tsawon da bai wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu ba sosai. A kama sili ɗaya daga sama a zare shi a miƙe, ɗayan hannun yana riƙe da sauran biyar ɗin sako-sako. Za su tattare sannan su warware da kansu. Kada a yi kwaɗayin dogon zare. Sili ɗaya siriri ne, kuma duk shigarsa huji yana gogar zaren da ya riga shi zama a ciki, saboda haka dogo yakan tsufa, ya yi gashi-gashi, ya tsinke kafin a kai ƙarshensa.

Ɗinkin koma-baya yana cin zare ninki uku na tsawon layin: gida ɗaya a fuska, gida biyu a baya. Daga santimita 45, in aka cire abin da za a ɗaure farko da ƙarshe da wanda ke rataye a kafar allura, abin da ya saura zai ɗinka gida sittin ko kusa da haka. Sanin wannan yana taimakawa wajen tsara inda za a tsaya, don kada zare ya ƙare a tsakiyar harafi.

Allura iri biyu ake so a kusa. Ta farko mai dakusasshen baki ce, wadda ake yin gicciyen da ita, lamba 24 ga Aida 14, ko lamba 26 tunda sili ɗaya ne kawai za ta ɗauka. Rashin tsininta shi ne amfaninta, domin tana zamewa ta shige huji ba tare da ta tsaga zaren da ke ciki ba. Ta biyu siririya ce mai tsini, kuma ba a ɗauko ta sai inda layi ya ƙare a tsakiyar gida, wurin da babu huji sai an huda.

Batun launi kuwa, mutane da yawa suna ɗauko baƙi wuluk, lamba 310 a DMC ko 403 a Anchor, su zagaye komai da shi. Yana yi, amma yana da zafi a ido, musamman a gefen launuka masu haske. A DMC, lamba 3371, ruwan ƙasa ne da ya kusa zama baƙi, da 3799, ruwan toka mai duhu ƙwarai, suna fito da siffa ba tare da sun yi ihu ba. Abin da ya fi kyau ga fure, a ganinmu, shi ne a zagaye kowane sashe da ɗan'uwansa mai duhu: jan fure da ja mai duhu kamar DMC 814, ganye da kore mai duhu kamar 890. Zaren kasuwa wanda ba a san kamfaninsa ba, a gwada shi tukuna. A jiƙa guntu, a matse shi a cikin farin ƙyalle, a bar shi ya bushe. In ya bar tabo to yana zuba, kuma ranar wanki zai ɓata aikin makonni.

Yaushe ake farawa

Sai an gama gicciyen duka, ko aƙalla na sashen da za a zagaye da duk abin da ke maƙwabtaka da shi. Layi a kan gicciye yake kwanciya. In aka riga aka yi shi sannan aka zo cike gidan da ke gefensa, sabon gicciyen zai hau kansa ya binne rabinsa, sai layin ya riƙa ɓacewa yana bayyana. Yadin kuma ya kasance a ɗame cikin zoben katako ko na roba, ɗamewar da in an ƙwanƙwasa shi da yatsa zai ɗan amsa, amma ba har gidajen su karkace ba. A wanke hannu, kuma kada a shafa mai dab da fara aiki. Lokacin hunturu, da fatar yatsu ke yin kaushi tana kama sili, gara a shafa man tun da daddare.

Kafa zare ba tare da ƙulli ba

Ƙulli yana yin tudu a bayan aiki, kuma a Aida yakan faɗo ta huji ya fito fuska, tunda hujin ya fi ƙullin sili ɗaya girma. A juya yadin. A zura allura ta ƙarƙashin ɗinki huɗu ko biyar na bayan gicciyen da ke kusa da inda za a fara, a ja har wutsiyar zaren ta kusa ɓacewa, sannan a zagaya ɗinki na ƙarshe sau ɗaya don ya riƙe. Sili ɗaya yana da santsi, in ba a yi wannan zagayen ba zai zame da jan farko. A zaɓi bayan gicciye masu duhu. Baƙin zare a ƙarƙashin farin gicciye ko ruwan ƙwai yana haskowa ta fuska kamar datti.

Inda babu gicciye ko kaɗan, kamar wurin rubutu, dabara ta bambanta. A bar wutsiya kimanin santimita 3 a baya, a danne ta da yatsa a kan hanyar da layin zai bi, ta yadda ɗinki huɗu na farko za su hau kanta su kama ta. Daga nan a yanke abin da ya rage.

Ɗinkin kansa

A ɗauka layin zai tafi daga dama zuwa hagu, kuma hujojin da ke kansa an lissafa su 1, 2, 3, 4, 5. Allura ta fito daga baya ta huji na 2, ta nutse a na 1. Ɗinki ɗaya ke nan. Ta fito ta na 3, ta koma ta nutse a na 2. Ta fito ta na 4, ta nutse a na 3. Haka har ƙarshe: tafiya gida biyu gaba ta bayan yadi, komawa gida ɗaya a fuska. A fuska za a ga layi ɗaya a haɗe babu giɓi, a baya kuma ɗinki masu tsawon gida biyu suna hawa kan juna. Mai amfani da hannun hagu zai fi jin daɗin tafiya daga hagu zuwa dama, kuma sakamakon ɗaya ne.

Layin yana bin iyakar da ke tsakanin gidaje ne, daga huji zuwa huji, waɗannan hujojin dai da ƙafafun gicciye suka shiga. Saboda haka kowane huji a cike yake da zare, wani har zare huɗu. A lura da allura wajen fitowa daga baya, domin a nan take turo gashin jan zare ko kore zuwa fuska, ko ta tsaga shi. In ta ci karo da turjiya, a janye ta a sake neman tsakiyar hujin, kada a tura da ƙarfi.

A yi ɗinkin hawa biyu: a tura allura ƙasa a ja zaren duka, sannan a turo ta sama a sake ja duka. Ɗinkin tela na shiga da fita a tsinka ɗaya yana da sauri, amma a yadin da ke ɗame yana jan hujoji yana buɗe su.

Ja shi ne inda yawancin aiki ke lalacewa. Zaren ya kwanta a kan yadi kawai, kada ya nutse. In an ja da ƙarfi, sili ɗaya yakan shige cikin kwarin da ke tsakanin gicciye biyu ya ɓace, hujoji su buɗe su zama ɗigo-ɗigo, yadin kuma ya tattare idan an cire shi daga zobe. In an sassauta da yawa, layin ya yi lanƙwasa kamar igiyar shanya. Gwajin mai sauƙi ne: a zura bakin allura a ƙarƙashin ɗinkin da aka yi. Ya kamata ta shiga ba da wahala ba, ɗinkin kuma ya koma ya kwanta da an zare ta. Bayan kowane ɗinki goma ko goma sha biyu, a saki allurar ta rataya ta juya da kanta, don murɗewar da zaren ya tara ta warware. Zaren da ya murɗe yakan sirance, ya kuma ƙulle kansa a baya ba a sani ba.

Kwana, karkace da dogon tsalle

A kwana, ƙa'idar ba ta canzawa. Idan layi ya zo a kwance zai juya ya hau sama, allura ta fito ta huji na gaba a sabon layin, wato gida ɗaya sama da kwanar, sannan ta nutse a cikin hujin kwanar kanta. Ɗinki biyun sun haɗu a huji ɗaya, kwanar ta fito da kaifi. Kuskuren da ake yi shi ne fitowa ta hujin da aka nutse yanzu-yanzu, wanda ke warware ɗinkin, ko kuma tsallake hujin kwanar, wanda ke mayar da ita zagaye.

Layin da ya ratsa gida daga kusurwa zuwa kusurwa ɗinki ɗaya ne, tsawonsa milimita 2.5 ko kusa. Bakin fure mai lanƙwasa yawanci haɗin irin waɗannan ne da miƙaƙƙu, da kuma masu tafiya gida biyu a kwance ɗaya a tsaye. Wannan na ƙarshe ɗinki ɗaya ake yinsa, domin babu huji a tsakiyarsa. A nan ake buƙatar kallon takardar zane da kyau, a ƙirga inda layi ya taɓa mahaɗar gidaje daidai, domin nan ne kawai allura za ta shiga. Layin da ya tafi gida huɗu a kwance biyu a tsaye yana ratsa huji a tsakiyarsa, don haka a raba shi biyu. Wanda ya tafi biyar a kwance ɗaya a tsaye ba ya ratsa ko ɗaya.

To yaya za a yi da irin wannan? Har zuwa gida uku, ko huɗu in an matsa, ɗinki ɗaya yana zama lafiya. Abin da ya wuce haka yana sakwarkwacewa da zarar an cire yadi daga zobe, kuma farce ko maɓalli na iya kama shi. Sai a shimfiɗa dogon ɗinkin daga farko zuwa ƙarshe, sannan a ɗauko allura mai tsini da sili ɗaya na launin, a fito dab da gefensa a tsakiya, a haye shi, a nutse a wurin da aka fito ko dab da shi. Wannan ɗan ƙaramin ɗauri ba ya ganuwa, amma yana riƙe layin a wurinsa. Jijiyar ganyenmu, wadda ke kwance a kan koren gicciye, haka za a yi mata. Aikin da za a saka a gilashi a rataye yana jure dogon ɗinki fiye da rigar matashi ko mayafin tebur da za a riƙa wankewa, saboda haka a abin amfani a gajarta ko'ina.

Akwai kuma gidan da launi biyu suka raba a karkace, rabi ja rabi kore. A yi wa kowane launi ɗan guntun ɗinki daga kusurwarsa zuwa tsakiyar gidan, da allura mai tsini, a bar layin zagaye ya zama shi ne mai raba su. Ya fi tsabta a kan a cusa zare uku a kan layi ɗaya.

Rubutu, da haruffanmu masu ƙugiya

Rubutu yawanci a kan farin fili yake, inda babu gicciyen da zai ɓoye komai. Ƙa'ida ɗaya ce mai tsauri: kada zare ya tsallaka daga harafi zuwa harafi ta baya. A teburi ba za a gani ba, amma da an ɗora aikin a kan farin kwali ko an ɗaga shi a haske, duk tsallaken zai fito kamar inuwa. Kowane harafi a kafa masa zarensa a kuma rufe shi, ko da hakan zai ci lokaci. A cikin harafi ɗaya, in ana son komawa wani reshe, a nannaɗe allura ta ƙarƙashin ɗinkin da aka riga aka yi a baya har a isa wurin.

Takardun zanen haruffa da ake samu daga waje ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Ba sai an haƙura an rubuta suna ba daidai ba. A samo littafin lissafi mai gida-gida, a kwafi b, d ko k yadda suke, da tsayin gida bakwai misali, sannan a ƙara ƙugiyar a saman sandar: ɗinki ɗaya a karkace zuwa dama, sai ɗaya gajere a kwance ko mai saukowa. A bar ƙarin gida ɗaya tsakanin wannan harafi da na gaba, kada ƙugiyar ta taɓa shi. Kafin a ɗinka, a ƙirga faɗin sunan duka a takarda, a raba biyu, a fara daga tsakiya don ya zauna daidai a ƙarƙashin furen.

Ga rubutu da duk layin da ke kan fili, akwai ɗan'uwan wannan ɗinki da ya fi shi tsabtar baya. Ana tafiya gaba ne ana ɗinka gida ɗaya ana tsallake ɗaya har ƙarshen layi, sannan a juyo a cike giɓin da aka bari. Fuska da baya suna fitowa iri ɗaya, zaren da ake ci ninki biyu ne maimakon uku, kuma babu zaren da ke yanke kwana ta baya ya yi inuwa. A Turai ana danganta shi da sunan Hans Holbein, mai zanen fadar sarki Henry na Takwas na Ingila a ƙarni na 16, saboda yadda ya zana baƙin adon wuya da hannun riga na mutanen zamaninsa, kuma da shi ake zagaye siffofi a ɗinkin garin Assisi na Italiya. Sirrinsa a dawowa yake: kullum allura ta fito ta gefe ɗaya na zaren da ke cikin hujin, ta nutse ta ɗaya gefen, kuma kada a sauya har ƙarshe. In aka riƙa sauyawa, layin zai yi zigizaga.

Rufewa da gyara

Idan zare ya rage kimanin santimita 7, a tsaya. A juya yadin, a zura ƙarƙashin ɗinki huɗu ko biyar masu duhu, ko a nannaɗe a jikin layin da aka yi, a zagaya sau ɗaya, a yanke dab da yadi da ƙaramin almakashi. Wutsiyar baƙin zare da aka bari tana yawo, ɗinki na gaba zai jawo ta fuska.

In an yi kuskuren ƙirga, kada a kai reza kusa da gicciye. A zare allurar daga zaren, a yi amfani da bakinta a ɗago ɗinkin ɗaya bayan ɗaya daga na ƙarshe zuwa baya. Zare mai duhu yakan bar gashi a hujojin. Ɗan guntun salatif da aka manna aka ɗaga a hankali yana kwashe shi. Silin da aka warware ya riga ya gaji, a yanko sabo.

Lokaci-lokaci a ajiye aikin a ja baya taku uku a dube shi. Daga nesa ake gane inda layi ya yi nauyi, da inda bai kamata a sa shi ba ma. Takardar zane tana iya nuna a zagaye komai, amma gefen da ja mai duhu ya riga ya rabu da farin yadi sarai ba lallai ya buƙaci layi ba, kuma barin wasu wurare a buɗe yakan sa furen ya yi laushi.

Bayan an gama, a cire aikin daga zobe, a jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi na minti goma zuwa sha biyar, a ɗauraye har ruwan ya fita fes. Kada a murɗe. A shimfiɗa shi a farin tawul a naɗe, a danna ruwan ya fita. Tun yana da ɗan laima a kifa shi, fuska a ƙasa, a kan busasshen tawul mai kauri, a goge ta baya da dutsen guga mai matsakaicin zafi, ana ɗorawa ana ɗagawa maimakon gogawa. Kaurin tawul ɗin shi ke hana gicciye da layin da ke kansu bajewa, dogayen ɗinkin da suka ɗan saki kuma sukan koma su miƙe idan yadin ya bushe a shimfiɗe.